Sai an fiƙe bakin alƙalamin tawada kafin ya yi ƙananan rubutu?

"Malam, barka da aiki. Ina zaune a Tudun Wada, nan Kaduna. Rubutuna ƙanana ne ƙwarai, kuma yawancinsa a gefen littattafai nake yi da cikin rajistar shago, wani lokaci boko, wani lokaci ajami. Na sayi alƙalamin tawada ɗan Jamus mai alamar EF, aka ce min babu wanda ya fi shi siriri, amma haruffana cushewa suke yi. Cikin 'e' da 'a' sai ya toshe, lanƙwasar 'ƙ' ta ɓace, ɗigon ajami ya haɗe da harafi. Na ji an ce akwai masu fiƙe bakin alƙalami daidai da hannun mutum. Shin wannan zai raba ni da matsalar? Kuma zan iya yi da kaina?"

Barka kadai, Malam. Abin da kake nema shi ne layi siriri wanda zai bar fili a cikin ƙaramin harafi, kuma kana so ka san ko fiƙa ce hanyar samunsa. Fiƙa tana yin wannan aiki, babu shakka. Sai dai ita ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da za ka gwada, domin abin da aka kankare daga bakin alƙalami ba ya dawowa, kuma kaurin layi ba daga tsini kaɗai yake zuwa ba. Tsini na da rabonsa, yawan tawadar da ke sauka na da nata, takarda ma na da nata. Da yawa daga alƙaluman da ake kawowa a fiƙe, idan aka duba da kyau, tsininsu lafiya lau yake, tawada ce ta yi musu yawa.

Fara da awo

Kada ka dogara da alamar da ke jikin baki. EF (siriri ƙwarai) da F (siriri) da M (matsakaici) ba ma'auni ne na bai ɗaya ba, kowane kamfani da nasa. Abin da aka sani shi ne bakin Japan ya fi na Turai siriri da kusan mataki guda. EF na Turai yakan ja layin da ke tsakanin milimita 0.4 da 0.5, alhali EF na Japan yana wajen 0.25 zuwa 0.3. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, haruffan Japanawa na ɗauke da zane-zane masu yawa cikin ɗan fili, dole masu ƙera musu alƙalami suka ƙware a siriri. To wanda ya ce maka EF ɗinka ya fi kowa siriri, a cikin 'yan gidansu yake nufi.

Ɗauki rula ka auna tsayin ƙaramin harafinka, kamar "a" ko "e". Mu ɗauka milimita 1.5 ne, wanda shi ne abin da akan gani wajen masu rubutu a gefen littafi. Harafin "e" layi uku ne a jere daga sama zuwa ƙasa: na sama, na tsakiya, na ƙasa, da fili biyu a tsakaninsu. Idan kowane layi 0.5 ne, uku sun cinye 1.5 ɗin gaba ɗaya, fili bai rage ba. Wannan ita ce toshewar da kake gani. Da layin 0.3, uku sun ci 0.9, saura 0.6 a raba wa fili biyu, harafi ya buɗe. Da layin 0.2 kuwa saura 0.9. Saboda haka ƙa'idar da nake aiki da ita: kaurin layi kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsayin ƙaramin harafi. Mai harafin milimita 2 layin 0.4 ya ishe shi. Mai 1.5 yana bukatar 0.3. Wanda ya sauko zuwa milimita 1 ne kaɗai ke da hujjar neman 0.2, kuma irinsu ba su da yawa.

Auna layin kansa ba wuya. Ja layi a takardar da ka saba rubutu a kai, ɗora rula a gefensa, ɗauki hoto da waya, ka buɗa hoton. Duba layi nawa za su shiga cikin milimita ɗaya, wato tsakanin zane biyu na rular da ke kusa da juna. Biyu, 0.5 ke nan. Uku, wajen 0.33. Huɗu, 0.25. Ja ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya kuma a kwance, domin sau da yawa kaurinsu ba ɗaya ba ne, kuma wannan bambanci zai yi mana amfani nan gaba.

Tawada da takarda kafin a taɓa ƙarfe

A hoton nan, duba gefen layin. Idan gefen ya fita tsaf kamar an yanka da reza, kaurin daga tsini yake. Idan kuwa ya yi gashi-gashi, naso ne, takarda ce ke shan tawada tana baza ta. Takardar rajista da ta littafin rubutun 'yan makaranta da akasarin littattafan addini da ake bugawa da araha duk suna da wannan hali, domin an yi su ne don biro. A irin wannan takarda bakin 0.3 zai iya ba ka layin da ya kusa 0.5. Da damina abin ya fi muni, lokacin da takarda ta sha laima a cikin shago. Ko an fiƙe tsini ya koma kamar allura, matuƙar yana zubar da tawada da yawa, naso zai mayar da kai inda ka fito.

Tunda ba za ka canza takardar littafin da kake yi wa sharhi ba, sai ka canza tawada. Akwai masu saurin gudu, akwai masu tsantseni. Pelikan 4001, musamman baƙa da shuɗiya mai duhu, tana cikin masu tsantseni. Salix ta Rohrer & Klingner da Blue Black ta Platinum suna da sinadarin ƙarfe a cikinsu, suna kama takarda mara kyau ba tare da sun bazu sosai ba. Kiwaguro ta Sailor ma ta yi suna wajen zama daram a kan takarda mai sha, sai dai ita mai garin launi ce, tana son a riƙa wanke alƙalami a kai a kai. Sauya tawada kaɗai yakan rage kaurin layi yadda ido zai gani. Wanke alƙalamin da ruwa mai tsabta har ruwan ya fita fari kafin ka zuba sabuwa, kada ka gauraya biyu.

Nan ya kamata in ja kunne, tunda ka ambaci ajami. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, kada ta shiga alƙalamin tawada ko sau ɗaya. Ƙaro zai bushe a cikin 'yan hanyoyin da tawada ke bi ya toshe su, kuma a baki siriri toshewar tana zuwa da wuri. Haka tawadar zanen taswira da ta hatimi. Tawadar allo ta alƙalamin kara ce da na tsomawa.

Idan ka sauya tawada, layi bai sauko inda kake so ba, mataki na gaba sayen ɗan alƙalamin Japan mai araha ne don gwaji. Platinum Preppy mai lamba 02, ko Pilot Kakuno mai alamar EF. Kuɗin kowannensu bai kai abin da za ka biya wajen aika alƙalami ƙasar waje a dawo maka da shi ba. Yi mako biyu kana rubutu da shi. A nan za ka san abu biyu: ko wannan kauri ya ishe ka, da kuma ko hannunka zai iya zama da baki siriri. Wanda ke son mai daraja, Platinum na yin UEF a alƙalaminsu 3776 Century, wanda ya fi EF ɗinsu siriri. Pilot kuma na da bakin da suke kira PO, mai tsini ɗan lanƙwashe zuwa ƙasa, mai tauri, wanda ba ya buɗewa idan an danna. An ƙera shi don rubutu siriri a kan takarda mai sha, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai cika rajista. Mafi yawan masu tambaya irin taka a nan suke tsayawa, bukata ta biya.

Abin da fiƙa ke yi

Wanda ya taɓa fiƙe alƙalamin gamba a makarantar allo ya riga ya san rabin zancen. A fere gefe biyu, a tsaga tsakiya, a datse kai daidai karkatar da mai rubutu ke so. Bakin ƙarfe ma haka yake: leɓe biyu ne da tsaga a tsakani, tawada na bin tsagar daga magudanar roba da ke ƙarƙashi har ta isa takarda. Bambancin shi ne a can ƙarshen an liƙa wata 'yar ƙwaya ta ƙarfe mai tsananin tauri. Ana kiranta iridiyom saboda sabo, ko da yake yawancin na yanzu haɗi ne na wasu ƙarafa irin su ruteniyom da tangstin. Ita ce ke taɓa takarda, ita ce kuma ake fiƙewa. Ko bakin na zinariya ne ko na baƙin ƙarfe, aikin ɗaya ne, domin zinariyar ba ta taɓa takarda. Duk fiƙar da ta cinye ƙwayar nan ta kai ga jikin baki, ta kashe alƙalami.

Wurin da ƙwayar ke taɓa takarda yana da faɗi, yana da tsawo. Faɗinsa daga hagu zuwa dama shi ke yanke kaurin layin da aka ja daga sama zuwa ƙasa. Tsawonsa daga gaba zuwa baya shi ke yanke kaurin layin kwance. Daga nan duk nau'o'in fiƙa suka fito. Idan aka rage duka biyu daidai, an sami tsinin allura, wajen 0.2 zuwa 0.25 ta kowace fuska. Idan aka bar faɗi aka rage tsawo, an sami baki mai fale-fale, tsaye kauri, kwance siriri. Wannan yana ƙawata boko, kuma ƙaraminsa, wajen 0.4 ko 0.5, yana buɗe cikin "e" sosai tunda layukan da ke toshe shi na kwance ne. Idan aka juya, aka rage faɗi aka bar tsawo, tsaye ya zama siriri, kwance kauri. Masu sana'ar na kiran wannan bakin masu zanen gini, wasu kuma bakin Larabci, domin yana ba haruffan Larabci kamar da suka saba da ita. Yana da kyau a ajami mai matsakaicin girma, amma ba zan ba ka shawararsa ba. A ƙaramin rubutu layin kwance mai kauri shi zai haɗe da wasali da ɗigo, kuma a boko zai ƙara toshe "e". Mai haɗa boko da ajami ƙanana, zagayayyen tsini mai 0.25 zuwa 0.3 ya fi masa.

Akwai wata dabara da ba a cika ambata ba. Ana iya barin ƙasan ƙwayar yadda yake, a gyara samanta, ta yadda idan ka kifa alƙalamin ka rubuta da bayansa zai ja layi siriri mai santsi. Sai ya zama kana da kauri biyu a alƙalami ɗaya: na yau da kullum a gaba, na gefen littafi a baya. Gwada kifa naka yanzu. Idan kaurin ya yi maka, kaushi ne kawai matsala, to gyaran kaɗan ne.

Siriri na da kuɗinsa, kuma gara ka sani tun yanzu. Idan aka rage tsini daga 0.4 zuwa 0.2, filin da ke ɗaukar nauyin hannunka ya ragu kusan ninki huɗu. Nauyin da a da ba ka ji, yanzu zai nutsa cikin takarda. Za ka ji ƙarar tsini kamar fensir mai kaifi, kuma babu gwanin da zai kawar da wannan gaba ɗaya. Hannun da ya saba danna biro zai tsinci zaren takarda a cikin tsaga, ko ya buɗe leɓɓan, layi ya koma kauri. Launin tawada ma yakan yi haske a layi siriri, shi ya sa baƙa ko shuɗiya mai duhu ta fi. Saboda haka ba na son a sauka ƙasa da 0.25 sai ga wanda ya tabbatar alƙalami na rubutu a hannunsa da nauyin kansa kawai.

Idan za ka ba gwani

Sanannun masu wannan sana'a suna Japan da Amurka da Turai. Marigayi Nobuyoshi Nagahara na kamfanin Sailor yana cikin waɗanda suka fi suna a cikinsu, Mike Masuyama kuma, wanda ya yi aiki da Sailor kafin ya zauna a Amurka, an san shi da tsinin allura. Wajen irinsu akan jira makonni, wani lokaci watanni. Daga Kaduna, hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi alƙalami ko baki daga mai sayarwar da ke fiƙewa kafin ya aiko, don kaya su yi tafiya sau ɗaya. Alƙaluma da yawa na amfani da bakin kamfanin JoWo ko na Bock, masu ƙera bakunan alƙalami, mai girman lamba 6, wanda ake murɗewa a cire, a murɗa wani. Ka tabbatar wanne naka ke ɗauka, domin zaren murɗin JoWo da na Bock ba ɗaya ba ne, kuma wasu kamfanoni bakinsu nasu ne su kaɗai.

Abin da za ka gaya masa ya fi sunansa muhimmanci. Faɗi kaurin da kake so da milimita. Aika hoton rubutunka a takardarka, rula a gefe. Aika hoton hannunka riƙe da alƙalami daga gefe, don ya ga karkatar. Yawancin mutane na riƙewa tsakanin digiri 45 da 55 daga takarda, amma masu ƙananan rubutu sukan miƙar da shi fiye da haka, kuma tsinin da aka gyara don digiri 45 zai yi karce a 65. Aika wani hoton daga bayan hannu, don a ga ko kana murɗa bakin gefe. Faɗi ko kai bahago ne. Faɗi tawadarka, ka ce takardarka mai sha ce, a rage gudun tawada. Sannan kada ka manta da ajami: mai rubutu da hannun dama, a boko jan alƙalami yake yi, a ajami tura shi yake yi daga dama zuwa hagu. Mai fiƙar da bai sani ba zai fi kula da gefe ɗaya, sai ka ji santsi a boko, ka ji tsini na cakar takarda a ajami. Ka kuma sani fiƙa na soke garantin kamfani.

Idan da kanka za ka yi

Za ka iya, amma ba a kan alƙalamin da kake ƙauna ba. Sayi bakunan kamfanin Jinhao masu araha guda biyar ko goma, ka sa a ranka ukun farko na koyo ne. Kayan aiki: gilashin ƙara girma mai ninki 10 zuwa 20, irin na masu gyaran agogo, dutsen washi ko samfefar ruwa mai lamba 2000, samfefa mai laushi ƙwarai da ake kira Micro-Mesh, mai lamba 4000 da 8000 da 12000 (yawan lamba, yawan laushi), siririn fallen tagulla mai kaurin milimita 0.05, ruwa a ɗan kofi, da fitila mai haske. Samfefar kafinta da magagari ba su da wuri a nan, shafa biyu za su cinye ƙwayar. Idan gilashinka bai isa ba, na'urar da masu gyaran waya ke duba injin waya da ita tana nuna tsini sarai.

Kafin komai, duba tsinin ta gaba, kamar yana kallonka. Leɓɓan biyu su kasance a tsayi ɗaya. Idan ɗaya ya sauka ƙasa da ɗan'uwansa, gefensa na ciki ne ke karce takarda, kuma wannan shi ne sanadin yawancin kaushi. Ɗaga wanda ya sauka da farce, kaɗan kaɗan, kana dubawa. Wanda ya wasa baki alhali leɓɓan ba su daidaita ba zai fitar da tsini karkatacce wanda ba ya gyaruwa.

Jiƙa dutsen. Kwantar da bakin a gefensa yadda ƙwayar ce kaɗai ke taɓawa, ka shafa sau biyar ba tare da dannawa ba. Juya ɗaya gefen, sau biyar. Ƙirga, kada ka ƙiyasta. Goge, duba da gilashi, ka tabbatar tsagar na nan a tsakiya, kowane leɓe da rabonsa daidai. Tsoma a tawada ka ja layin tsaye. Maimaita har ya kusa kaurin da kake so, ka tsaya tun bai kai ba, domin gogewar ƙarshe za ta ƙara ci. Yanzu layin kwance ya fi na tsaye kauri. Rage shi ta hanyar shafa saman ƙwayar da goshinta, ka bar ƙasan da ke taɓa takarda har zuwa ƙarshe. Idan kaurin biyu sun yi daidai, sauran aiki kashe kaifin gefuna ne: a kan 4000, riƙe alƙalamin yadda kake rubutu, ka mirgina shi daga hagu zuwa dama kana ja a hankali, sau uku ko huɗu, sannan 8000, sannan 12000. Zura fallen tagulla a tsaga don fitar da garin ƙarfe, ka wanke.

Kuskuren da ya fi yawa a matakin ƙarshe yake faruwa. Mutum na neman santsi, sai ya yi ta zana lamba 8 a kan 12000 a karkata ɗaya. Abu biyu ke biyo baya. Ko ƙasan tsini ya baje ya yi faɗi, layin ya koma kaurinsa na da, ga kaifi a gefe. Ko kuma gefunan ciki na tsagar su zagaye, tawada ta tsaya a sama ba ta taɓa takarda, alƙalami ya riƙa gardamar tashi a farkon kowace kalma. Maganin na biyu shi ne shafa ƙasan sau biyu ko uku a kan 8000 don a sauko da tsagar, sannan a sake kashe gefen waje.

Sai gudun tawada. Ɗaga bakin ga fitila: tsagar ta fara da ɗan fili daga ɗan ramin da ke tsakiyar bakin, tana tsukewa har leɓɓan su kusa haɗuwa a tsini. Idan fili ya yi yawa a tsini, tawada za ta yi ambaliya. Kifa bakin, ɗora bayansa a kan takarda, ka danna kaɗan na daƙiƙa biyu, hakan na matso leɓɓan. Idan sun matse har layi na yankewa, zura tagulla sau ɗaya ko biyu. Bayan kowace taɓawa, sake duba daidaiton leɓɓan.

Iyakar abin da shawara daga nesa za ta yi ke nan, domin karkatar hannu da nauyinsa sai an gani ake gyara musu tsini daidai, shi ya sa awon da hotunan nan suka zama dole. Abu ɗaya da ya shafi garinmu: da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tawadar da ke tsini siriri tana bushewa cikin ƙanƙanin lokaci idan murfi na buɗe, ƙura kuma na shiga tsaga. Rufe shi duk lokacin da ka dakata don karatu ko lissafi, ka wanke shi duk mako biyu maimakon duk wata. Kada kuma ka bar shi cikin mota da rana a watan Maris ko Afrilu, iskar da ke cikin ma'ajin tawada za ta kumbura ta turo tawada cikin murfi, musamman idan saura kaɗan ta ƙare.